EARL PALMER: MAKAƊIN DA DUNIYA TA TAKA RAWAR GANGARSA BA TA SAN SUNANSA BA

A wannan fitowa mun tsallaka teku har Amurka, mun ɗauko muku labarin wani makaɗi baƙar fata mai suna Earl Palmer, wanda ya mutu tun shekarar 2008. Mun san wani zai ce, to mu mutanen Nasarawa Gwom ina ruwanmu da wani mai ganga na Amurka? Ku dai biyo mu a hankali, za ku ji dalili.

Duk wanda ya taɓa zama wurin biki a unguwar nan ya san yadda abin yake. Mawaƙi ne a gaba, shi ke riƙe da makirfo, shi ake yi wa liƙi, sunansa ake kira. Masu kalangu kuwa suna can baya, gumi na zuba, hammata ta ƙage. In an tashi a miƙa musu ɗan abin da ya samu. Alhali kuwa da za su ajiye gula na minti ɗaya kacal, da rawa ta tsaya cak. Ku ɗauki marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Babu Bahaushen da bai san shi ba. To amma a cikinmu mutum nawa ne za su iya lissafo sunayen mutum uku daga cikin masu kalangun da suka yi shekara da shekaru suna bin sa?

Irin wannan mazauni na baya shi Earl Palmer ya zauna kusan duk rayuwarsa. Sana'arsa ita ce kiɗan haya a situdiyo, wato ɗakin da ake ɗaukar waƙa a sa ta cikin faifai. Ba shi da ubangida guda. Kamfanin faifai ne zai kira shi, yau ya kaɗa wa wannan mawaƙi, gobe ya kaɗa wa wancan, a biya shi kuɗin zama ya kama gabansa. Faifai zai fito da sunan mawaƙi da na kamfani, nasa kuwa babu. Amma duk da haka, salon bugun da ya kafa a irin waɗannan ɗakuna shi ne ya zama ƙashin bayan kiɗan rok an rol, ya kuma watsu ko'ina a duniya, har nan Jos.

GARIN DA AKA HAIFE SHI

An haifi Earl Palmer ranar 25 ga Oktoba, 1924, a birnin New Orleans na jihar Louisiana, a kudancin Amurka. Birni ne na bakin kogin Mississippi, babbar tashar jiragen ruwa, kuma a zamanin bauta yana cikin manyan kasuwannin bayi na ƙasar. Tsofaffin takardun ciniki da na rabon gado na Louisiana sun riƙa rubuta ƙabilar kowane bawa. A cikinsu akwai Bambara da Wolof da Fulani da Yarabawa da Ibo da mutanen Kwango, har da Hausawa. A wani fili na birnin da ake kira Congo Square, an bar bayi suna taruwa ranar Lahadi su ci kasuwa, su kaɗa ganga, su yi rawa irin ta gida. A yawancin garuruwan Amurka an hana bayi haka. Shi ya sa gangar Afirka ba ta mutu a New Orleans ba.

Unguwar Treme, inda Palmer ya tashi, tana maƙwabtaka da wannan fili. Unguwa ce ta talakawa baƙaƙe, kuma suna da ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Kowa na zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, in ciwo ya zo a taimaka masa, in mutuwa ta zo ƙungiya ta ɗauki nauyin binnewa. Al'adarsu ta jana'iza ta sha bamban da tamu ƙwarai. Su sukan ɗauko masu ƙaho da ganga su raka gawa da kiɗa mai sanyi, in an dawo daga maƙabarta sai kiɗa ya yi zafi, jama'ar unguwa su biyo baya suna rawa a titi. A cikin wannan amo yaron ya buɗe ido.

Mahaifiyarsa Thelma 'yar wasa ce, ita da 'yar'uwarta. Tun yana ɗan shekara 5 suka sa shi cikin sana'a. Rawar da ya fara ita ce wadda ake sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa, mai rawa ya riƙa ƙwanƙwasa dandamali da dunduniya da kan yatsu, ƙafarsa ta zama ita ce gangar. Ya zaga garuruwan Amurka da yawa tare da ayarin wata shahararriyar zabiya mai suna Ida Cox. Wato kafin ya taɓa riƙe sandar kiɗa, ƙafafunsa sun riga sun san ma'aunin lokaci, sun san inda waƙa ke shiga da inda take fita. Shi da kansa ya sha danganta ƙwarewarsa da wannan rawa ta ƙuruciya. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

SOJA DA MAKARANTA

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka ɗauke shi soja aka tura shi Turai. A daidai lokacin da iyayenmu da kakanninmu ke fama a dajin Bama ƙarƙashin Ingila, shi yana can cikin rundunar Amurka, wadda a zamanin ta raba baƙi daban, fari daban. Yawancin sojoji baƙaƙe aikin ƙarfi ake ba su, dakon harsasai da lodin kayan yaƙi, kuma irin rukunin da ya faɗa ke nan.

Bayan an gama yaƙi a 1945 ya dawo gida. Gwamnatin Amurka ta yi wata doka a 1944 ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu. Palmer bai yi wasa da wannan dama ba. Ya shiga makarantar kiɗa ta Grunewald a New Orleans, ya koyi fiyano da ganga, ya kuma koyi karanta kiɗa a rubuce. Su Turawa suna da hanyar rubuta kiɗa a takarda, layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige a kansu. Wanda ya iya karatun, ko bai taɓa jin waƙa ba, in aka miƙa masa takardar zai buga ta daidai nan take. Ku riƙe wannan magana, don ita ce ta buɗe masa ƙofofi daga baya.

Gangunan da ya zaɓa kuwa ba guda ɗaya ba ne. Jeri ne mutum ke zama a tsakiyarsu. Akwai babba mai kaurin murya da ake takawa da ƙafar dama, akwai ƙarama mai wayoyi a ƙasanta mai kaifin amo, akwai matsakaita, ga kuma faya-fayan tagulla, wasu a buga da sanda, wasu a taka da ƙafar hagu. Aikin da a wurinmu mutum huɗu ko biyar za su raba, can mutum ɗaya ke yin sa da hannu biyu da ƙafa biyu. Kiɗan da zuciyarsa ta fi so shi ne jaz na zamani, mai wuyar bugu. Sai dai abin da mutum ke so daban, abin da ke kawo tuwo daban.

ƊAN ƊAKIN COSIMO

A ƙarshen shekarun 1940 ya shiga ƙungiyar wani mai busa ƙaho, Dave Bartholomew, mutum mai tsanani wajen aiki, wanda ba ya ɗaukar latti ko sakaci. Suna wasa a gidajen rawa na baƙaƙe irin su Dew Drop Inn. Da kamfanin Imperial na Los Angeles ya ɗauki Bartholomew ya riƙa nemo masa mawaƙa, sai yaransa suka zama su ne makaɗan situdiyo na garin.

Situdiyon kuwa wani ɗan ɗaki ne a bayan kantin sayar da faya-fayai da kayan lantarki a titin Rampart, tsallaken titi kaɗan daga Congo Square. Sunansa J&M, mai shi kuma wani saurayi ne ɗan asalin Italiya, Cosimo Matassa, wanda ya buɗe shi a 1945. A farkon lamari kai tsaye ake yanka sauti a jikin faifai. Babu gyara, babu ciko. In mutum ɗaya ya yi kuskure, faifan ya lalace, sai a ɗauko sabo a koma farko. Saboda haka wanda hannunsa ke rawa ba ya daɗewa a ɗakin. Waɗanda suka daɗe su ne irin su Lee Allen da Alvin Tyler masu busa sakso, da Earl Palmer a kan ganguna.

Ranar 10 ga Disamba, 1949, aka kawo wani saurayi mai ƙiba, mai buga fiyano, ana ce masa Fats Domino. Suka ɗauki waƙa mai suna The Fat Man. Masana da yawa suna lissafa wannan faifai cikin na farko-farko na rok an rol, kuma abin da Palmer ya yi a ciki na daga cikin dalilai.

Ga yadda abin yake. Ku riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, kuna maimaitawa. A kiɗan fareti irin na soja da 'yan sanda, nauyin bugu na faɗawa ne a kan ɗaya da uku. To yanzu ku bar ɗaya da uku su wuce, ku tafa hannu da ƙarfi a kan biyu da huɗu. Za ku ji jiki ya fara motsi da kansa. Wannan shi ne bugun baya. Baƙaƙen Amurka sun daɗe suna tafi haka a majami'unsu, tsofaffin makaɗan jaz na New Orleans kuma sukan ajiye shi sai baitin ƙarshe, lokacin da ake son wuri ya ɗau zafi. Shi Palmer sai ya ɗauko abin da ake ajiyewa don ƙarshe, ya kafa shi a kan ƙaramar gangarsa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Gaskiya ne akwai waɗanda suka taɓa gwada haka kafin shi a faifai ɗaya-ɗaya. Amma daga wannan ɗan ɗaki ne abin ya zama ƙa'ida, don faya-fayan da ke fitowa daga cikinsa suna cin kasuwa, kowa kuma na son ya kwaikwayi abin da ke ci.

Daga nan sai aiki ya yi ta zuwa. Shi ne a kan ganga a Lawdy Miss Clawdy ta Lloyd Price a 1952, da Tipitina ta Professor Longhair a 1953, da I Hear You Knocking ta Smiley Lewis a 1955, da Let the Good Times Roll ta Shirley da Lee a 1956, da I'm Walkin' ta Fats Domino a 1957, inda ya zuba bugun nan na 'yan rakiyar titi da ya sani tun yana yaro.

SHI DA LITTLE RICHARD

A watan Satumba na 1955 kamfanin Specialty ya turo wani matashi daga jihar Georgia, Little Richard, mai ihu a waƙa kamar wanda kunama ta harba. A wannan zama aka ɗauki Tutti Frutti. Bayanta aka yi Long Tall Sally da Rip It Up da Lucille, duk Palmer ne a bayansa.

A nan ne ya yi canji na biyu. Kafin lokacin, makaɗan jaz da na bulus suna tafiyar da ƙananan bugu ne irin sukuwar doki, dogo da gajere, dogo da gajere. Shi kuwa Little Richard dukan fiyano yake yi daidai wa daida, ba dogo ba gajere, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya. A Tutti Frutti za ku ji har yanzu gangar na sukuwa, fiyano na lugude. Palmer ya lura abin bai zauna ba, sai ya bar abin da ya saba ya bi mawaƙin. Kafin a kai ga Lucille, ganga da fiyano sun zama abu ɗaya. Wannan lugude, haɗe da bugun baya a kan biyu da huɗu, shi ne abin da duniya ta sani da kiɗan rok har gobe. Ku lura fa, gwanin da ya je makaranta shi ne ya sauke girman kai ya saurari yaron da bai je ba.

To me ya samu? Kuɗin zama kawai. Ƙa'idar aikin ita ce zama ɗaya awa uku, a ɗauki waƙa har huɗu, a biya makaɗi ladansa sau ɗaya. Ko faifai ya sayu miliyan, ko ya kwanta a kanti, nasa bai ƙaru ba. Mawaƙa farar fata irin su Elvis Presley da Pat Boone suka riƙa sake rera waɗannan waƙoƙi suna kwasar kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ƘAURA ZUWA KALIFONIYA

A shekarar 1957 Palmer ya tattara ya bar garin haihuwarsa. Dalilai biyu ne. Na farko wariyar launin fata. A Louisiana ta lokacin baƙi da fari ba sa zama wuri ɗaya a mota ko gidan abinci, hatta ƙungiyar makaɗa ta New Orleans biyu ce, ta farare daban, ta baƙaƙe daban. A 1956 ma jihar ta ƙara yin dokar hana cuɗanya a wuraren rawa da wasanni. Shi kuwa ya kamu da son wata farar fata, alhali dokar jihar ta haramta irin wannan aure. A Kalifoniya kotu ta soke irin wannan doka tun 1948. Ba za mu ɓoye muku ba, wannan tafiya ta sa ya bar matarsa ta fari da 'ya'ya a baya, kuma ba abin yabo ba ne. Dalili na biyu shi ne neman abinci. Manyan kamfanonin faifai da na fim suna Los Angeles ne, can kuɗin yake.

Ya sauka a matsayin baƙo, ya fara aiki da kamfanin Aladdin. Ba a daɗe ba labarinsa ya bazu. A shekarar da ya isa ya kaɗa wa Sam Cooke a You Send Me. A 1958 ya yi Rockin' Robin da Bobby Day, ya yi La Bamba da Donna tare da Ritchie Valens, yaron nan ɗan asalin Meziko da ya mutu a haɗarin jirgin sama a Fabrairun 1959 yana ɗan shekara 17. Ya yi aiki da Eddie Cochran da Larry Williams. A 1962 Frank Sinatra ya ɗauke shi a wani kundinsa. Shi ne kuma a You've Lost That Lovin' Feelin' ta Righteous Brothers a 1964, da River Deep, Mountain High ta Tina Turner a 1966. Shi da wasu 'yan tsirarun makaɗa, ciki har da abokin aikinsa Hal Blaine, su ne ke bayan ɗimbin faya-fayan da suka fito daga birnin a shekarun 1960. Sau da yawa hoton samari ne a bangon faifai riƙe da jita da sanduna, alhali waɗannan dattawa ne suka yi bugun.

A nan ne karatun Grunewald ya yi rana. Kiɗan fim ba a yin sa da ka. Makaɗa hamsin ko sittin ne za su zauna, kowa da takardarsa, hoto na tafiya a bango, kuma kowane minti kuɗi ne. A lokacin baƙaƙen fata ƙalilan ne ake bari su shiga waɗannan ɗakuna na Holiwud. Palmer ya shiga, don babu takardar da za a ajiye masa ya kasa karantawa, ga shi ba ya latti. Ya yi kiɗa a fina-finai irin su Judgment at Nuremberg na 1961 da In the Heat of the Night na 1967, da shirye-shiryen talabijin irin su The Flintstones da Mission: Impossible. Wanda duk ya taɓa kallon waɗannan, ya ji hannun Earl Palmer ko bai sani ba.

A shekarar 1967 kaɗai, ya yi zaman aiki 450. Shekara kwana 365 ce. Ku yi lissafi da kanku.

To ta yaya aka san wannan adadi, tunda sunansa ba ya kan faifai? Amsa ita ce ƙungiya. A Los Angeles ƙungiyar makaɗa ta farare da ta baƙaƙe sun haɗe tun 1953, suka zama reshe na 47 na ƙungiyar makaɗan Amurka. Duk zaman da za a yi sai an cike takardar yarjejeniya, an rubuta rana da wuri da sunan kowane makaɗi da abin da aka biya shi, an kai ofishin ƙungiya an ajiye. Daga 1959 kuma aka kafa asusun fansho, kamfani na zuba wani kaso a kan kowane zama. Sunan da kamfani ya ƙi sawa a bangon faifai, ga shi nan a rajistar ƙungiya. Da waɗannan takardu ne masu bincike suka gano ko wane ne ya buga me.

DA RANA TA YI SANYI

Kowane zamani da nasa. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara yayin ƙungiyoyin samari masu rubuta waƙarsu su buga kayansu da kansu, sai buƙatar makaɗan haya ta fara raguwa. A 1980 kuma aka fito da na'urorin kiɗa irin su Linn da Roland TR-808, waɗanda ke buga ganga da kansu, ba gajiya, ba neman lada. Wayar Palmer ta rage ƙara. Duk da haka bai daina ba. Ya yi aiki da Tom Waits a 1978 da Elvis Costello a 1986, ya kuma koma ga jaz ɗin da yake so tun farko, yana wasa da 'yar ƙaramar ƙungiyarsa a Los Angeles.

A 1982 'yan'uwansa makaɗa suka zaɓe shi ma'ajin reshe na 47. Ya faɗi zaɓe a 1984, aka sake zaɓensa a 1990. Wato mutumin da ya san zafin a ci guminka a manta da kai, shi ya koma yana tsaron littafin da ke kare haƙƙin na baya.

Yabo bai zo ba sai da furfura ta cika kai. A 1999 wani marubuci, Tony Scherman, ya fitar da littafin tarihinsa mai suna Backbeat, wato bugun baya. A shekarar 2000 gidan tarihin rok an rol da ke Cleveland a jihar Ohio ya buɗe sabon sashe don karrama makaɗan baya. Mutum biyar aka fara sawa: Earl Palmer, Hal Blaine, King Curtis, James Jamerson da Scotty Moore. Lokacin yana da shekara 75, an kuma yi shekara 50 da ɗaukar The Fat Man. Ya mutu ranar 19 ga Satumba, 2008, a garin Banning na Kalifoniya bayan doguwar jinya, yana da shekara 83. Ya yi aure sau huɗu, ya bar 'ya'ya bakwai.

YADDA BUGUNSA YA ISO MU

Faya-fayan New Orleans sun tsallaka zuwa Ingila, samarin can suka zauna suna kwaikwayo. Ƙungiyar Beatles ta sake ɗaukar Long Tall Sally a 1964, kuma makaɗa da yawa na wannan zamani, irin su Charlie Watts na Rolling Stones, sun amsa cewa Palmer na cikin malamansu. Daga rok abin ya shiga kiɗan sol da disko, har zuwa na 'yan gambarar zamani.

Mu ma nan bai bar mu ba. Jos gari ne da kuza da jirgin ƙasa suka tara mutane daga ko'ina, kuma duk inda aka taru, garmaho da rediyo da silima sukan biyo. Dattawanmu da suka yi samartaka a shekarun 1960 za su tuna yayin rawar tuwis. A shekarun 1970 garin nan ya fitar da ƙungiyar Sahara All Stars, masu jita da ƙaho da jerin ganguna irin na Palmer. Yau kuma ku leƙa kowane ɗan situdiyo inda yaranmu ke haɗa waƙa da fiyanon Yamaha. Da yawa daga cikin kaɗe-kaɗen da kamfani ya zuba a cikin na'urar, in kuka kasa kunne, za ku ji ƙaramar ganga na faɗawa a kan biyu da huɗu. Yaron da ke latsa maɓallin bai san sunan Earl Palmer ba, amma da hannunsa yake cin abinci.

Abin da na'ura ta yi wa Palmer kuwa, shi take yi wa masu kalangunmu da masu kotso da masu gangar noma a yau. Biki da yawa yanzu mutum ɗaya ne da fiyano da lasifika.

KIRA GA 'YAN'UWA

Abin da ya tsaya mana a rai cikin wannan tarihi shi ne, ba ƙwarewa kaɗai ta ceci sunan mutumin nan ba. Gwanaye nawa suka shuɗe ba a san su ba? Abin da ya cece shi, an rubuta. Ƙungiyarsa ta ajiye takarda, shekaru suka wuce, aka buɗe aka ga sunansa.

Mu fa? Marigayi Dan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya tsira da sunansa don shi ke waƙarsa, shi ke kaɗa kuntiginsa. Amma waɗanda suka kaɗa wa 'yan dambe da mahauta da 'yan kuza a Bukuru da Gangare da Dilimi da nan Nasarawa, waɗanda suka raka iyayenmu mata ɗakin miji da kalangu, ina sunayensu? Kaset-kaset ɗin da suka rage a gidajenmu sunan mawaƙi kawai ke jiki. Tsofaffin da suka san su kuma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka muna roƙon duk mai dattijo a gida da ya taɓa wannan sana'a, ko ya san waɗanda suka yi ta, ya zauna da shi da biro da takarda. A rubuta sunan makaɗi, da garin da ya fito, da irin gangar da yake kaɗawa, da mawaƙin da ya bi, da shekarun da ya yi. A kawo wa sakataren ƙungiya, mu kuma za mu riƙa bugawa a wannan fili.

Ku kuma samarinmu masu aikin situdiyo, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta san da haƙƙin mai kiɗa, ba na mawaƙi kaɗai ba. Amma doka ba ta aiki da maganar baka. Kafin ku taɓa fiyano ku rubuta yarjejeniya, ko da ta layi biyar ce, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. In an saki waƙa a intanet, ku tabbata an sa sunan wanda ya yi kiɗan. Wanda kuma ya sami hanyar koyon karatun kiɗa a rubuce, kada ya raina.

In kun je biki na gaba kun tashi yin liƙi, ku ɗan zarce bayan mawaƙi, ku tambayi mai kalangu sunansa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.